Maƙerar da Na Gina a Yalwawa

Da ƙarfina na yi ritaya. Takarda ce ta ce na tsufa, jikina kuwa ba a sanar da shi ba. Duk shekarun aikina a sakatariyar Dutse na yi su, a bayan tebur, ina sa hannu a kan abin da wani ya rubuta, in tura wa wani ya sa nasa. Aka yi mana walimar sallama, aka ba ni agogon bango da sallaya. Washegari na yi wanka na sa kaya na ɗauki makullin mota, sai da na kai zaure sannan na tuna babu inda ake jirana.

Akwai majalisa a gindin darbejiya a bakin layinmu a Yalwawa, inda irina suke zama daga hantsi har a kira azahar. Ana siyasa, ana zancen fansho, ana ambaton waɗanda suka riga mu. Na zauna da su na wani lokaci. Kullum in na tashi sai in ji kamar an sace mini yinin, kuma da ni aka haɗa baki.

Matata tana kiwon awaki a ƙuryar gida. Wata rana laujen da ake yi musu ciyawa da shi ya karye, ta ce in aika a sayo wani. Na ce zan je da kaina, tun da ba abin da ya tsare ni. Ranar kasuwar Shuwarin na tafi, na bi ta layin 'yan tukwane har na isa rumfar maƙera. Wani tsoho ne a zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe, wuta a gefensa. Ya sa awartaki ya zaro guntun sifirin ɗin mota ya yi jajawur, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya shiga dukansa da masaba yana juyawa. Ina tsaye ƙarfen ya miƙe, ya faɗaɗa, ya tanƙware. Abin da aka tsinto a bola ya zama lauje a kan idona. Na biya na karɓa da ɗuminsa, amma na kasa tafiya. Na yi ta tunanin cewa tsawon rayuwata ban taɓa yin wani abu da za a ɗaga a hannu a ce wannan ni na yi shi ba.

Na riƙa komawa duk ranar kasuwa, in sayi abin da ba na buƙata don in sami dalilin zama. Da muka saba, na ce masa, "Baba, so nake ka koya mini aikin nan."

Ya ajiye masaba ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Alhaji, ku mutanen ina ne?"

"Daga wajen Aujara."

"Fulani?"

"E."

Ya yi dariya har da tari. "To ina ruwan Bafillace da wuta? Mu a nono muka sha. Ubana maƙeri, kakana maƙeri. In lauje kake so ga lauje, in garma ce ga ta. Amma gado ba karambani ba ne, Alhaji."

Na roƙe shi, ya ƙi, cikin ladabi, yana ta yi mini addu'a. Iyakar abin da na samu a wurinsa wani tsohon awartaki ne da ya sayar mini, ya ce in rataye a falo baƙi su gani.

Ban yi fushi da shi sosai ba. Na koma gida na ɗauki waya. Akwai mutane a wasu ƙasashe da suke ɗaukar bidiyon kansu suna ƙira a gidajensu, wasu ma likitoci ne, wasu malaman makaranta. Yawancinsu ba na jin yarensu, amma hannu ba ya buƙatar tafinta. Na kalla, na maimaita, na haɗa da abin da idona ya kwaso a Shuwarin.

Tsakanin garken awaki da katanga akwai wani fili da ba a amfani da shi sai tara tsofaffin bokitai. Nan na share. Na je gonata a bayan duwatsu na fasa suri, na ɗebo ƙasarsa a buhu a bayan mota. Na samo kashin jaki na kwaɓa da ita da ƙafata, kamar mai gini. Matata ta fito ta same ni da laka har gwiwa.

"Malam, wannan kuma fa? Murhu kake gina mini?"

"Maƙera ce."

Ta kalli lakar. "Maƙera. A gidan nan?"

"A gidan nan."

"To, in dai ba za ka gasa mini awaki ba," ta ce, ta koma ciki.

Ginin farko ya tsage gida biyu, don zumuɗi bai bar ni na jira ya bushe ba kafin in hura wuta. Na rushe na sake, wannan karon na lulluɓe shi da buhu ya bushe a inuwa a hankali. Zuga-zugin fata ya gagare ni, na ɓata fatar akuya ban iya ɗinkin da zai riƙe iska ba. Sai na je wurin wani mai walda a Limawa, ya haɗa mini fanka a cikin gwangwani da wilin keke, in na juya da hannu iska ta bi ta bututu zuwa gindin wuta. Uwar maƙera kuwa, a wurin 'yan gwangwan na sami guntun ƙarfen dogo, na kafa shi a kan kututturen marke. Gawayin ƙirya wani mutumin ƙauye yake kawo mini a babur, shi ne mai riƙe wuta, ba ya zama toka da wuri.

Ranar da na fara ganin ƙarfe ya yi ja a cikin wutar da ni na gina mata ɗaki, sai na ɗauki awartaki. Na zaro shi, na doka, masaba ta zame, tartsatsi ya faɗa mini a bayan ƙafa. Na yi tsalle, awaki suka firgita. Amma na dawo na ci gaba. Abin da na fara gamawa wata ƙugiya ce ta rataye guga, karkatacciya. Sai wuƙa, wadda bakinta ya ƙi miƙewa, amma tana yanka albasa. Na ƙone a wurare da dama, tafin hannuna ya yi kanta, kafaɗata ta riƙa ciwo. Abinci kuwa ya dawo da daɗinsa a bakina, barci ma haka. Kafin damina ta kama na ƙera laujen da ya ci sunansa lauje. Na kai shi garke na gwada a kan harawa, ya shige kamar a ruwa. Na tsaya ni kaɗai ina murmushi kamar wawa.

Ba na fara duka sai rana ta ɗaga, kuma da an kira azahar na kashe wuta, don kada in takura wa maƙwabta. Duk da haka ƙarar ƙarfe ba ta ɓoyuwa. 'Yan majalisa suka naɗa ni Sarkin Ƙira. In na fito masallaci sai a ɗaga mini hannu, "Ranka ya daɗe, Sarki!" Ina dariya, suna dariya. Kuma aka fara aiko mini da aiki: fartanyar da ta fita daga ƙota, gatarin da ya dakushe, sakatar ƙofa da ta karye. Ban taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. A raina ina ganin unguwa ta karɓe ni da abin da nake yi.

A lokacin nan 'yata ta biyu, wadda take aikin jinya, sun daidaita da wani yaro malamin makaranta. Ita ta kawo shi da kanta, na gan shi, ya kwanta mini. Manyansa suka zo gaisuwa, muka rabu a kan za su dawo a sa rana. Sai shiru. Mako ya wuce, wata ya wuce. Yarinyar ta rage magana, uwarta ta rage ci.

Wata safiya ina tsakar aiki, daga ni sai singileti da tsohon wando, fuska duk gawayi, na ji awaki sun yi tsit. Na ɗaga kai, sai ga Yaya a tsaye. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, shi yake riƙe da shanu da gonaki a ƙauye, kuma ko waya bai yi mini ba cewa yana tafe. Na goge hannu a wando na miƙa masa. Ya dubi hannun, ya ba ni 'yan yatsu.

"Ashe gaskiya ne," ya ce.

"Yaya, bismillah mu shiga ciki."

"Nan ma ya isa. Dangin yaron nan sun zo bincike unguwar nan. Sun tambaya gidan wa 'yar take, aka ce musu gidan Sarkin Ƙira. Duk wanda suka tambaya abin da ya ce ke nan. Baffan yaron ya ce su a gidansu ba a auro 'yar maƙera."

Na ce, "Amma ai sun san ubanmu. Sun san kakanmu."

"Don sun san su ne suka aiko mini, maimakon su janye ba sallama."

"To haram nake yi, Yaya? Har cikin annabawan Allah akwai wanda ya sarrafa ƙarfe."

"Kada ka kawo mini wa'azi, ni ma na riƙe allo. Ban ce haram ba ne. Cewa na yi ba namu ba ne. Gwamnati ta sallame ka da mutuncinka, kana da gida, kana da mota, me ka rasa? In aiki kake nema, ga shanu can ba su da isasshen mai dubawa." Ya nuna maƙerar da bakin sandarsa, bai ko matsa kusa ba. "Shekara nawa muka yi muna tattalin sunan gidan nan, ka zo ka zauna a toka."

Abin da ya fi ƙona mini rai a ranar ba maganar Yaya ba ce. Mutanen da na gyara wa gatari da sakata, su ne baƙo ya tambaya, kuma babu ko ɗaya da ya ƙara da cewa wasa ne muke yi masa, mutumin nan ma'aikaci ne da ya yi ritaya. Sun san me sunan yake nufi a kunnen mai neman aure. Sun faɗa, sun koma gindin darbejiya.

Bayan la'asar 'yata ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Baba, ni wallahi ban ga laifin abin da kake yi ba. Na ga yadda hawan jininka ya sauka tun da ka fara." Ta murza bakin mayafinta. "Amma don Allah ka dakata. Har a ɗaura kawai."

Wa zai ce a'a? Na shafa wa kayan aikina baƙin mai, na naɗe su a buhu, na kifa fallen kwano a kan murhun, na danne da dutse.

Ashe bai isa ba. Yaya ya ce sai mun je gidan baffan yaron mun wanke kanmu. Na sa babbar riga, muka tafi. Aka shimfiɗa mana darduma a zaure, aka kawo fura. Yaya ne ya yi bayani, ni ina zaune kamar ɗalibin da aka kai ƙara.

"Ku yi haƙuri, Alhaji. Ritaya ce ta taɓa shi. Kun san 'yan boko, in aka raba su da ofis sai a hankali. Wani ya kama kiwon tantabara, wani ya kama surutu, shi kuma wannan ya kama. Amma ya bari."

Baffan ya yi dariya, waɗanda ke wurin suka taya shi. Ya juyo gare ni. "Haka ne, Malam? An bari?"

Na ce, "An bari."

"Madalla. Ai dama mun ce jinin gidan nan ba zai yi haka da gangan ba."

Na sha furar. Har yau ina tuna cewa na sha furar nan, har na ce an gode.

Aka sa rana. Da biki ya matso, Yaya ya ce in zo ƙauye mu zaga dangi da goro, tun da ni ne uban yarinya. Na je da niyyar in kwana ɗaya. Kullum na ce zan tafi sai ya tuno da wata goggo da ba mu je wa ba, ko wata ruga da za su ji haushi in ba su gan ni ba. Na yi kwanaki muna yawo a bayan Aujara, ina jin daɗin yadda ya sake da ni, ina cewa a raina Yaya ya huce.

Da na dawo Dutse na tarar da motar babban ɗana a ƙofar gida, ya zo daga Kano don hidimar biki. Na shiga, aka yi mini sannu da zuwa da fara'ar da ta yi yawa. Na wuce ƙuryar gida don in duba awaki. Babu murhu, babu kututture, babu wilin keke. An share wurin, an zuba siminti, har ya bushe. Katangar da hayaƙi ya baƙanta an shafe ta da farar ƙasa.

Ɗana ya biyo ni, ya tsaya nesa kaɗan.

"Baba, mata za su shigo har ciki ranar biki, dangin ango ma haka. Baffa, yayanka, ya ce kada su ga komai."

"Ina kayana?"

Ya sunkuyar da kai. "'Yan gwangwan sun kwashe."

"Kai ka kira su?"

"Baffa ne ya ce..."

"Na ce kai ka kira su?"

"Ni ne, Baba."

Ban zauna ba, na juya na hau mota na tafi inda 'yan gwangwan suke tara ƙarfe. Mai wurin ya gane ni, shi ya sayar mini da ƙarfen dogon tun farko. Ya ce ai an yi lodi tun shekaranjiya, mota ta wuce. Na tsaya ina duba tarin da ya rage, ko masaba ta faɗo, ko awartakin tsoho. Babu.

Na tambayi matata ko ta sani. Ta ce ta sani.

"Kuma ba ki kira ni ba?"

"Malam, me zan ce? Yayanka ne ya ba da umarni, ɗanka ya aikata, auren 'yarka ake so a tsira da shi. Ni a wa?" Ta share ido da bakin zane. "Na ce su bar maka ƙarafan a ɗaki. Suka ce in suna nan za ka sake."

Sun yi gaskiya a nan, da zan sake.

Aka ɗaura aure, aka yi taro, aka ci aka sha. 'Yan majalisa suna sahun gaba. Babu wanda ya kira ni Sarki a ranar, kowa Alhaji yake cewa, har da rusunawa. Na karɓi gaisuwa, na yi godiya, na yi wa 'yata addu'a da zuciya ɗaya, don ita ba ta da laifi, kuma har yanzu tana zaune lafiya da mijinta.

Bayan an watse da 'yan makonni na kira Yaya a waya na ce masa, tun da an ɗaura, zan nemi ƙasa in sake gini. Ya ce, "Yanzu ne ma ba za ka yi ba. Da tana gidanka, yanzu tana hannunsu. So kake duk ranar da aka yi saɓani a ce mata 'yar maƙeri? So kake a goranta wa 'ya'yan da za ta haifa?" Nan na gane cewa "har a ɗaura" ba ta da ƙarshe. Yarinyar da gaske take lokacin da ta faɗa. Manyan ne suka san inda maganar za ta tsaya tun farko.

Na yi tunanin in kama ɗan fili a wajen gari in yi abina inda ba mai ji. Amma Dutse ba ta da girman da mutum zai ɓoye hayaƙi, kuma ni ba ɓarawo ba ne da zan riƙa saɗaɗawa in je in doki ƙarfe.

Ɗana ya ga na daina yi masa doguwar magana. Da ya tashi gyara, sai ya turo magina. Suka kafa rumfar kwano a kan simintin nan, suka shimfiɗa tayil, aka sa fanka a sama, aka kawo kujera mai laushi da ƙaramin talabijin. Ya zo da kansa ya nuna mini.

"Baba, ga wurin hutawa. Ka yi wa mutane aiki ya isa, yanzu lokacinka ne ka huta."

Na dube shi. Da gaske yake, yana jiran in sa masa albarka. Na sa masa, domin uba ba ya hana ɗansa albarka a kan tayil.

Nan nake zama yanzu daga hantsi zuwa azahar, tun da na daina zuwa gindin darbejiya. Kantar hannuna ta baje, maganin hawan jini an ƙara mini ƙwaya. Duk baƙon da ya shigo sai matata ta kawo shi ya ga rumfar, ya shafa kujera, ya ɗaga kai ya dubi fanka, ya ce, "Kai, Alhaji, Allah ya ba ka ɗa na gari." In ce amin.